Fulogi Huɗu ko Shida: Ƙarfin da Muke Biya Kullum, Muke Amfani da Shi Jefi-jefi

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin dillalan motoci ranar Asabar ya san yadda cinikin yake tafiya. Magidanci ya zo da bakanikensa, an tsaya gaban Camry biyu 'yan shekara ɗaya, fenti ɗaya, kujeru iri ɗaya. Ɗaya mai fulogi huɗu, ɗaya mai fulogi shida. Dillali ya tayar da ta biyun, ya ɗan taɓa totur, injin ya yi gurnani, sai ya juyo ya ce, "Alhaji, wannan ita ce mota. In ka taka ta daga nan, kafin ka gama salati kana Zariya." Alhaji ya yi murmushi, sannan a hankali ya yi tambayar da ta kawo shi: "To, shan mai fa?" Amsar dillali ba ta canzawa: "Ai bambancin ba yawa, ranka ya daɗe." Bakanike na gefe ya yi shiru, domin ya san in ya yi magana za a ce ya ɓata ciniki. Sau da yawa a nan ake ƙulla yarjejeniyar da iyali za su yi shekara biyar suna biyan kuɗinta a gidan mai.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne: ga motar iyali matsakaiciya, irin su Camry da Accord da Sonata da Altima, ƙaramin inji shi ne zaɓin hankali a ƙasar nan. Ƙarfin da babban inji yake ƙara maka kana biyan kuɗinsa kowace safiya, alhali lokutan da kake buƙatarsa da gaske ba su taka kara sun karya ba. Masu kishiyar wannan ra'ayi suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. Ƙarfi nawa motar iyali take buƙata?

Mu fara da motar da ta rene mu. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, injinta lita 2 ne, ƙarfinta bai kai na doki 100 ba. Da wannan motar aka yi shekaru ana jigilar iyalai daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Legas, cike da mutane, but a danƙare da kaya. Gwamnoni da kwamishinoni sun shige ta, 'yan tasha sun yi haya da ita har ta tsufa. Ba a taɓa jin an ce ta kasa kai kowa gida saboda ƙarancin ƙarfi ba. Yanzu a kwatanta ta da Camry ta 2007, wadda dillalai ke kira Muscle. Mai fulogi huɗunta, injin lita 2.4, tana da ƙarfin doki 158. Mai fulogi shida, lita 3.5, tana da 268. Ke nan wadda ake yi wa kallon rarrauna a wurin ciniki ta fi 504 ƙarfi da fiye da rabi. Gaskiya ne ta fi 504 nauyi, amma ƙarin nauyin bai kai ƙarin ƙarfin ba.

Akwai wani kwatancen da ya fi wannan bayyana yadda idonmu ya canza. Lokacin da Toyota ta fara saka inji mai fulogi shida a Camry ta Amurka a 1988, ƙarfinsa doki 153 ne. Wato "ƙaramar" Camry ta 2007 ta fi "babbar" Camry ta 1988 ƙarfi. Haka labarin yake a Honda: Accord mai fulogi shida ta farko, a 1995, tana da ƙarfin doki 170, ita kuwa mai fulogi huɗu ta 2008 tana farawa ne daga 177. Hanyoyinmu ba su ƙara tsawo ba a tsakanin waɗannan shekaru, tudu bai ƙara tsayi ba, iyali ba su ninka nauyi ba. Abin da ya canza shi ne ma'aunin da muke auna isa da shi, kuma ba mu muka kafa wannan ma'auni ba. Galibin motocin nan da muke kira Beljiyom an ƙera su ne domin kasuwar Amurka, inda mai yake da arha idan aka kwatanta da albashi, kuma manyan hanyoyi suke shimfiɗe ba rami. Wani masanin tattalin arziki a jami'ar MIT, Christopher Knittel, ya wallafa bincike a 2011 da ya nuna cewa da a ce an bar nauyi da ƙarfin motocin Amurka yadda suke a 1980, to da tsimin mai ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari zuwa 2006. Abin da aka samu a zahiri ya ɗan haura kashi 15 ne kawai. Sauran ci gaban da injiniyoyi suka kawo an kashe shi wajen ƙara ƙarfi da girma. Mu kuma sai muka gaji wannan zaɓi bayan shekara goma ko sha biyar, tare da ɗabi'ar ganin cewa shi ne daidai.

Ga abin da lissafin injiniya yake cewa. Motar iyali matsakaiciya da ke tafiya a kilomita 100 cikin awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta buƙatar ƙarfin da ya kai na doki 30 don ta riƙe wannan gudu. Wannan ya isa ta keta iska, ta shawo kan jan taya a kan kwalta, har da na'urar sanyaya mota. Sauran ƙarfin ajiya ne, domin tashi daga tsaye, hawan tudu da wuce wata mota. Ajiya abu ne mai kyau, babu mai musun haka. Tambayar ita ce ajiya nawa. Mai fulogi huɗu tana riƙe da ajiyar da ta ninka buƙatar tafiya sau biyar, mai fulogi shida kusan sau tara. Dokar hanya kuma, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take aiki da ita, ta tsayar da motar gida a kilomita 100 a manyan tagwayen hanyoyi, 80 a sauran hanyoyin bayan gari, 50 a cikin gari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai fulogi huɗu take yin gumi kafin ta kai.

2. Inda man yake tafiya

Mutane da yawa suna tsammanin babban inji yana shan mai ne kawai idan an taka shi, in aka bi shi a hankali sai ya zama daidai da ƙarami. Wannan ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda injin fetur yake aiki. Inji ya fi cin moriyar kowane ɗigon mai idan yana ɗauke da aiki mai ɗan nauyi. Idan aikin ya yi masa kaɗan, ƙofar shigar iska tana kusan rufe, sai fistin ya riƙa wahalar zuƙo iska ta ƙaramar kafa, wannan wahala kuma da mai ake biyanta. Ga gogayyar ƙarafa: fistin shida sun fi huɗu yawan wurin guga, bawul ya fi yawa, injin kansa ya fi nauyi a kan tayoyin gaba. Duk wanda ya taɓa tayar da ƙaton janareta don kunna ƙwai biyu da fanka ɗaya ya san wannan asara, domin janaretan ba ya rage sha daidai da ƙanƙantar aikin da aka ba shi. Haka mai fulogi shida take a cunkoson Ƙofar Nasarawa ko na Mararaba zuwa Nyanya, inda mota take awa guda tana rarrafe ko tana tsaye inji na aiki. A wurin nan ƙarfin doki 268 da 158 duk gudu ɗaya suke yi, amma shansu ba ɗaya ba ne. Kuma tuƙin mafi yawan magidanta ke nan: kai yara makaranta, wucewa ofis ko kasuwa, asibiti, gidan biki, gidan gaisuwa.

A lambobin hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda take fitar da lambobin shan man motocin da ake sayarwa a can, Camry ta 2007 mai fulogi huɗu tana shan kusan lita 11 a kilomita 100 na cikin gari, mai fulogi shida kuma lita 12 da ɗoriya. A babbar hanya, ta farko tana ƙasa kaɗan da lita 8, ta biyu kusan 8 da rabi. Dillali zai ce, to ka gani, ai lita ɗaya ce kawai. Mu ɗauki maganarsa mu lissafa. Magidancin da yake yin kilomita 1,500 a wata, yawanci a cikin gari, zai ƙara kusan lita 18 a wata, sama da lita 200 a shekara. Wannan kuwa gwaji ne da aka yi wa sabuwar mota, cikin yanayin da bai yi kama da zafin Afrilu a Sakkwato ba, ba kuma irin cunkosonmu ba. Tsohuwar motar da ta yi kilomita dubu ɗari biyu kafin ta hau jirgin ruwa ba za ta ba ka lambar takarda ba, kuma duk lalurar da ke ƙara shan mai, a babban inji ta fi tsada.

A da ana iya ɗaga kafaɗa a ce lita 200 ba komai ba ce. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwanaki ya haura 500 a jihohi da dama, a Yuli na shekarar ya kai 617 a Abuja, zuwa Oktoba 2024 ya tsallake naira 1,000. Ya ɗan sauko daga baya, amma bai koma kusa da inda yake ba. Tankin Camry ɗin nan lita 70 yake ci. A tsohon farashi ana cika shi da ƙasa da naira 14,000. A naira 1,000 kuwa cika shi naira 70,000 ne, daidai da mafi ƙarancin albashi na wata guda da aka amince da shi a Yuli 2024. A wannan farashi, waccan "lita ɗaya kawai" ta zama sama da naira 200,000 a shekara, kuɗin makarantar yaro ko buhunan hatsi. Da yayyafi kogi kan cika. Shekaru da yawa tallafi ya ɓoye mana ainihin tsadar babban inji, gwamnati ce take biyan wani kaso na ƙarfin da muke taƙama da shi. Yanzu lissafin ya dawo aljihun mai mota, amma ɗabi'ar saye ba ta gama biyo shi ba.

Gidan mai ba shi ne ƙarshen kashe kuɗin ba. Injin lita 3.5 na Toyota yana cin baƙin mai kusan lita 6 a duk juye, na lita 2.4 kuma lita 4 da 'yan kai. Fulogi shida ne maimakon huɗu, kwayil shida, nozul shida. Uku daga cikin fulogin suna can baya, jikin bangon da ya raba inji da direba, kuma kafin a kai gare su sai an kwance bututun shigar iska na sama. Aikin da ake gamawa cikin mintuna a mai fulogi huɗu ya zama na sa'o'i, shi ya sa wasu makanikai suke canza uku na gaba su bar na baya, mai mota bai sani ba. Idan an zo sayarwa ma, tun bayan cire tallafi, tambayar farko da mai saye yake yi ita ce ta shan mai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata a gaya wa mai saye cewa rariya ce tun kafin ya biya.

3. Hujjojin masu fulogi shida

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta wuce manyan motoci. A hanya mai hannu ɗaya, irin ta Bauchi zuwa Gombe, direba yakan tsinci kansa bayan tirela mai tafiyar kilomita 50, ga wata tana tafe daga nesa. A wannan lokaci ƙarfi yana rage daƙiƙun da mota take yi a hannun da ba nata ba, kuma waɗannan daƙiƙu su ne masu haɗari. Wannan gaskiya ne, ban raina shi ba. Mai fulogi shida ta zamanin Muscle tana kai kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 6 zuwa 7, mai fulogi huɗu 9 zuwa 10. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, wucewar da nasararta ta rataya a kan bambancin daƙiƙa biyu ko uku, tun asali bai kamata a fara ta ba, ko da wace irin mota ce. Na biyu, ƙarfi yana canza halin direba. Wanda ya san motarsa tana tashi kamar kibiya yakan shiga tazarar da mai ƙaramin inji zai haƙura ya bari. Ajiyar da aka saya don tsira sai ta koma dalilin ƙara kasada. Rahotannin FRSC shekara bayan shekara suna sanya gudun wuce sa'a a sahun farko na abubuwan da ke haddasa haɗurra a Najeriya. Ban taɓa ganin ƙarancin ƙarfin inji a wannan sahu ba. Motar da ke gudun kilomita 130 tana buƙatar tazarar birki da ta fi ta mai gudun 100 da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma birki da tayar mai fulogi shida ba su ninka na 'yar uwarta ba. A hanyar da rami ko akuya ko ɗan acaɓa zai iya fitowa kowane lokaci, wannan lissafi ya fi na daƙiƙun tashi muhimmanci.

Hujja ta biyu ita ce ta kaya da tudu da zafi. Iyalinmu ba irin na Turawa ba ne, in za a tafi gida Sallah mota cike take, ga buhu a but, ga na'urar sanyi tana aiki. A tuddai irin Hawan Kibo na hanyar Jos, ko hawan Mambila, ƙaramin inji yakan yi kuka. Akwai ma ƙarin dalili na kimiyya: iska tana yin sirara a wuri mai tsayi, injin da ba shi da tabo, wato na'urar tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, ke nan a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya rasa fiye da kashi 10. Amma cire kashi 12 daga 158, abin da ya rage har yanzu ya fi na 504 a bakin teku. Kukan da ake ji kuma ba alamar gazawa ba ce. Inji mai fulogi huɗu yana ba da ƙarfinsa ne idan yana juyawa da sauri, don haka giya takan sauka ƙasa, ƙara ta tashi, motar ta hau. An ƙera shi ne ya yi hakan. In ana neman shaida, a je tasha. Direbobin haya, waɗanda motar ita ce gonarsu, kuma su ne suka fi kowa lodi, har fiye da yadda doka da hankali suka yarda, Golf suke saye mai injin lita 1.8 da ƙarfin doki 90 ko ƙasa da haka. Suna bin hanyoyin nan kowace rana. Ba su zaɓi babban inji ba domin su ne suke lissafa ribar kowace tafiya bayan an cire kuɗin mai.

Hujja ta uku ta ƙarko ce. Ana cewa babban inji ba ya wahala, don haka ya fi daɗewa. A nan dole a yi adalci, domin akwai misali na gaske. Injin Toyota na lita 3.5 ya yi suna wajen juriya, shi kuwa na lita 2.4 a Camry ta wajejen 2007 zuwa 2009 an san wasunsa da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, har kamfanin ya tsawaita garantin gyaransa a Amurka. Wanda zai sayi irin wannan mota ya kamata ya duba hayaƙin salansa da sandar auna baƙin mai da kyau. Amma wannan laifin ƙirar inji ɗaya ne a wasu shekaru, ba hukunci ne a kan duk mai fulogi huɗu ba. Injin Honda na lita 2.4 da ke cikin Accord ɗin da ake kira End of Discussion da Discussion Continues ya yi shekaru a titunanmu yana aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, Accord masu fulogi shida na farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da matsalar giya mai sarrafa kanta. Ƙarko yana bin ƙira da kulawa, kuma kowane ɓangare yana da nasa zakaru da nasa marasa lafiya.

Akwai hujja ta huɗu da ba a cika faɗa a fili ba, ita ce jin daɗi da martaba. Inji mai fulogi shida yana da laushi, ba ya karkarwa, sautinsa yana da daɗi, kuma mutum yana so a ga ya hau babbar mota. Wannan ba laifi ba ne. Wanda yake da hali, ya lissafa ya ga zai iya, kuɗinsa ne. Haka ma wanda aikinsa doguwar tafiya ce kowane mako a hanyoyi masu hannu ɗaya da cikakken lodi, inda bambancin shan mai yake raguwa kuma ajiyar ƙarfi take da amfani, zaɓinsa yana da madogara. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa ma'aikaci mai albashi jin daɗi da sunan larura, ya ɗauki bashi ya saya, bayan wata shida motar tana ajiye a ƙofar gida an lulluɓe ta, shi kuma yana hawa adaidaita sahu zuwa aiki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

4. Masu ƙera motocin sun riga mu yanke hukunci

A kasuwar da aka ƙirƙiro wannan gasa ta ƙarfi, an kusa rufe babin. Hyundai ta cire fulogi shida daga Sonata a samfurin 2011, Mazda ta bi sahu a Mazda6 ta 2014, Honda ta cire daga Accord a 2018, Nissan daga Altima a 2019. Toyota ce ta fi daɗewa tana riƙe da shi, har ya kai ƙarfin doki 301, amma Camry ta 2025 da ake sayarwa a Amurka gaba ɗayanta haɗin fetur da batir ce, inji mai fulogi huɗu da injin lantarki, ƙarfinta yana farawa daga doki 225, mafi tsiminta tana shan ƙasa da lita 5 a kilomita 100 a gwajin hukuma. Waɗannan motoci su ne za su cika wuraren dillalanmu nan da shekara takwas ko goma.

Sai dai a nan akwai jan kunne. Wasu kamfanonin sun maye gurbin babban inji da ƙarami mai tabo, kamar lita 1.5 na Accord mai ƙarfin doki 192. Tabo yana tura ƙarin iska cikin inji, kuma ƙarin iska yana tafiya da ƙarin mai. In an bi shi a hankali yana tsimi, in an taka shi yana sha kamar babba. Yana kuma son baƙin mai mai kyau a kan lokaci da fetur mai tsabta, mu kuwa ba mu manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairu 2022 ba, wanda ya lalata injuna da dama. Motar haɗin batir ita ce ta fi dacewa da cunkoson birni, domin injinta yana mutuwa idan an tsaya, kuma tana mayar da ƙarfin birki cikin batir. Camry irin wannan ta 2007 tana shan kusan lita 7 a cikin gari, ragin lita 4 ke nan a kan mai fulogi huɗu ta yau da kullum, wanda ya ninka bambancin huɗu da shida sau uku. Amma tsohon batir yana gajiya, zafi yana ƙara masa tsufa, ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya shi, kuma makanikan da suka iya aikinsa ba su yi yawa ba a wajen manyan birane. Wanda zai saye ta ya sa a gwada lafiyar batirin da kwamfuta, ya kuma san wanda zai gyara masa kafin ya biya.

5. Ƙaramin inji shi kaɗai bai isa ba

Ba zan yi wa mai karatu alƙawarin cewa da zarar ya sayi mai fulogi huɗu matsalarsa ta ƙare ba. Akwai masu fulogi huɗu a titunanmu da suka fi masu shida shan mai, kuma laifin yawanci na hannu ne da ƙafa. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat da zarar mota ta sauka daga jirgi, wai don ƙasarmu da zafi. Sakamakon shi ne inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota kuma tana ci gaba da zuba masa ƙarin mai kamar yanzu aka tayar da shi. Ana fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, a sayar da abin da ke ciki. Na'urar da ke auna iskar hayaƙi ta mutu, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a cire ƙwan ko a liƙe shi da salatif maimakon a sa kwamfuta a ga abin da take faɗa. Matatar iska ta toshe da ƙura, taya ba isasshiyar iska, fulogi na jabu. Kowanne daga cikin waɗannan yana ɗibar nasa kaso, kuma idan suka haɗu za su iya cinye duk ribar da aka samu wajen zaɓen ƙaramin inji. 

Sai ƙafar direba. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa: daga kilomita 100 zuwa 130, ya ninka sau biyu har da ɗori. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A gudun 100 ba tsayawa, awa biyu da minti 18. A gudun 130, awa ɗaya da minti 46. Rabin awa ke nan a takarda, kuma a zahiri shingayen bincike da cunkoson Zariya da wuraren gyaran hanya suna cinye mafi yawansa, man da aka ƙona kuwa ba ya dawowa. Sauri ya haifi nawa. A cikin gari ma haka ne: fizgar mota daga wannan danja zuwa waccan, a taka totur a taka birki, mai ne ake mayarwa zafi a jikin faifan birki.

Saboda haka, idan magidanci ya je sayen mota, ya tafi da lambobi uku a kansa: kilomita nawa yake yi a wata, kashi nawa na tafiyar cikin gari ne, kuma nawa zai iya ware wa mai ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. Ya nemi a ba shi motar ya cika tanki, ya yi tafiyar da ta yi kama da tasa ta kullum, ya sake cikawa ya ga lita nawa ta sha. Dillalin da ya yarda da motarsa ba zai ƙi wannan gwaji ba idan mai saye ne zai biya man. Ya sa bakanikensa ya duba ko tamostat da tukunyar hayaƙi suna nan, ya sa kwamfuta ta karanta abin da injin yake ɓoyewa, sannan a yi maganar farashi.